Hannun Malam Buba

Ranar sunan 'yarka, Aminu, ina zaune a zaure na ji kana gaya wa abokanka cewa mahaifinka ne ya tsara maɓallan Hausa da ke cikin kwamfutocinsu. Ban katse ka ba, don ba a ƙaryata ɗa a gaban baƙinsa. Amma tun ranar abin yake cin raina, na ga gara ku ji daga gare ni, kai da ƙannenka, tun ina da sauran numfashi. Akwai hannuna a aikin, ban musa ba. Sai dai akwai wani hannun da ya fi nawa, kuma ban yi wa mai shi adalci ba.

A shekarun da nake magana ina aiki a wani ofishin aikin gona a Tudun Wada. Kafin nan malamin lissafi ne ni a Kiru, ina zuwa daga gidanmu na Badafi a kan keke, har na gaji da alli na nemi canji. Aikin ofishin shi ne buga wa manoma 'yan takardu da Hausa: lokacin shuka masara, yadda ake zuba taki, maganin ƙwarin wake, ranakun rigakafin shanu. Mai buga su Malam Buba ne, Bafulatanin Falgore, wanda ya girme ni da kusan shekara goma sha biyar. Yana saurayi wani bijimi ya fizgi igiya tana nannaɗe a hannunsa na dama, ta tafi da yatsu uku, ta bar masa babba da ƙarami. Da kiwo ya yi masa wuya aka kai shi ajin yaƙi da jahilci a Doguwa, daga nan ya koyi tafireta. Da yatsu bakwai yake bugu, kuma ban ga mai goma da ya kamo shi ba. In ya gama shafi sai ya ɗauki biro ya bi haruffa masu ƙugiya ɗaya bayan ɗaya yana lanƙwasa musu kai, don tafiretar ba ta da su. Ni ina kiransa Ardon tafireta, shi yana kirana Kaɗo mai lissafi, a haka muke cin rogo tare da rana.

Sai aka kawo kwamfuta. Shugaban ofishin ba mugu ba ne, mutum ne mai son a ga ya kawo ci gaba, ya sa aka tattara tafiretoci aka kai sito. Malam Buba ya zauna gaban sabuwar na'ura mako biyu yana fama. A tafireta ya san dabarunsa, ya shekara ashirin yana gyara su. A nan kuwa abu kaɗan sai an ce danne wannan maɓalli ka riƙe, ka taɓa wancan, shi kuma ba shi da yatsun riƙewa. Wata safiya na ji shugaba yana cewa in shekara ta ƙare bai iya ba, sai a yi masa ritaya. Malam Buba ma ya ji, don ƙofar a buɗe take. Bai ɗaga kai ba, ya ci gaba da neman harafi da ƙaramin yatsansa.

Ni ne aka taɓa turawa kwas na mako shida a Kaduna, na dawo da wani littafin koyon rubuta manhaja wanda bangonsa ya yage. Da wannan ɗan ilimin na ce masa zan gwada wani abu. Na rubuta 'yar manhaja, ƙarama ƙwarai, wadda aikinta ɗaya ne: ta tsaya tsakanin allon maɓallai da kwamfuta, in an taɓa wannan maɓalli ta ce wancan harafi ne. Iyakar abin da na yi ke nan, kuma duk mai littafin nan zai iya. Wane harafi zai zauna a ina, wannan ba ni na yanke ba.

Damina guda muka yi muna zama bayan la'asar, kafin a kashe janareto. Malam Buba ya sayo filastar asibiti, ya yayyanka ƙanana, ya liƙa a kan kowane maɓalli, yana rubuta harafi da biro. Haruffan da Hausa ta fi ci ya kwashe su zuwa hannun hagu, ya jera wasu inda babban yatsa da ƙarami za su kai ba tare da ya ɗaga hannu ba. Masu ƙugiya kowanne ya ba shi ɗakinsa, taɓawa ɗaya. Maɓallin manyan haruffa ya ce a mai da shi na taɓa ka saki. Sai ya buga shafi guda na takardar taki, ya tsaya, ya ɓare filasta biyu ya musanya su.

"Kaɗo, mai da mini wannan can. Suna karo da ɗan'uwansa."

"Jiya fa kai ka ce a kawo shi nan."

"Jiya ban buga 'ƙwarƙwata' ba. Mai da shi."

Nakan yi tsaki in gyara, don ina da saurin fushi a lokacin, kun san ban rabu da shi duka ba. Sau nawa muka canza, ban ƙirga ba. Da kaka ta yi, Malam Buba yana buga shafi kafin shugaba ya gama shan shayi, kuma ba sauran bi da biro. Maganar ritaya ta mutu. Ko sau ɗaya ba mu zauna mun zana tsarin a takarda ba. Yana kan filasta, yana cikin na'urar da wani faifai guda da na ajiye a akwatina, yana kuma cikin yatsunsa, muka ga ya isa.

Nasiru tsohon ɗalibina ne na Kiru, lokacin yana koyarwa a wata babbar makaranta a Kano. Ya biyo ta Tudun Wada a hanyarsa ta zuwa Jos, ya ga Malam Buba yana bugu, ya tsaya a bayansa yana kallon yatsunsa. Daga baya ya ba ni labarin wasu mutane, 'yan sa-kai a ƙasashe daban-daban, da suke gina babbar manhajar tafiyar da kwamfuta kyauta, kowa ya ga cikinta, kowa ya gyara. Suna tattara tsarin maɓallan harsuna wuri ɗaya, kuma ba su da na Hausa. Ya ce in na ba su nawa, duk inda manhajar ta je Bahaushe zai rubuta harshensa. Ba zan ɓoye muku ba, daɗi ya kama ni har na kasa cin abinci sosai ranar.

Ta ofishin su Nasiru ake aika saƙon imel, sau ɗaya a rana, don haka shi ya rubuta musu a madadina. Bayan mako uku ya aiko mini da amsa a takarda ta hannun wani direban Kwanar Dangora. Matar da ke kula da wannan sashe ta rubuto da mutunci. Ta ce suna so. Amma 'yar manhajata ba za ta shiga yadda take ba, sai an sake rubuta tsarin da irin tasu ƙa'idar. Haruffa za su koma wuraren da kowa ya saba, masu ƙugiya kuma a same su ta danne wani maɓalli na dama a riƙe. Tsarin mai yatsu bakwai, in ji ta, abu ne mai kyau, za su karɓe shi a matsayin zaɓi na biyu in na rubuta shi na kuma ɗauki nauyin kula da shi. Ta ƙare da cewa duk wanda ke da hannu a aikin sai ya yarda, a kuma turo sunansa.

Ku lura da wannan, don kada wani ya ce mutanen can ne suka cuce mu. Sun buɗe ƙofa. Ni ne na duba na ga zaɓi na biyun zai ci mini wata biyu ko uku, ni kuwa ina ɗokin in ga abin ya shiga, na ce a raina sai daga baya.

Na karanta wa mahaifiyarku takardar, tana tankaɗe a tsakar gida. Asabe ba ta taɓa taɓa kwamfuta ba, amma 'yar Bebeji ce, ba a yi mata kwana-kwana.

"To shi mai hannun fa, Malam? An ce a riƙe maɓalli, da me zai riƙe?"

"Shi ai yana da tasa na'urar a ofis. Ba abin da zai taɓa ta."

"Ka gaya masa dai yadda ka gaya mini."

Na ce zan gaya masa. Malam Buba yana hutun shekara a gida, sai na hau babur ranar Asabar na nufi Falgore. Daga bakin titi akwai tafiya a hanyar daji kafin a kai rugarsu, na same shi a gindin wata ɗorawa yana gyaran igiya da haƙori da hannun hagu. Aka kawo fura da nono, muka gaisa har gaisuwa ta ƙare. Na yi masa bayani, na faɗi ƙasashe, na faɗi Hausawan da za su amfana. Ya saurara yana kallon ƙasa.

"Bari in gani ko na gane," in ji shi. "Wajen dangin mahaifiyata na arewa akwai abin da ake kira haɓɓanaye. Mutum ba shi da shanu, sai ka kama karsana ka ba shi aro. Ta haihu a wurinsa, ya sha nono, ya riƙe 'ya'yan. In ya kafu sai ya dawo maka da saniyarka. Kuma yana kula da ita fiye da tasa, don kunya. Irin wannan ne?"

Takardar tana cikin aljihun rigata. Na san ba irin wannan ba ne. Na san abin da zai fita daga hannunmu ba zai dawo da kamanninsa ba, sai in ni na tashi na yi aikin da na riga na ɗage. Amma ya kawo mini misalin da ya fi nawa kyau, kuma ina son ya ce to.

"Kusan haka ne, Malam Buba."

"To a ba su. Ba a hana saniyar aro."

Da zan tafi ya rako ni har inda na ajiye babur, ya sa aka ɗaura mini ƙwaryar man shanu a baya, ya ce in kai wa Asabe. Na yi ta jin nauyin ƙwaryar nan har Tudun Wada. Da ta tambaye ni ko na gaya masa, na ce ya yarda. Ta dube ni, ta karɓi man.

Wata ɗaya na yi ina sake rubuta abin da ƙa'idarsu, ina kai wa Nasiru a Kano duk ƙarshen mako. Wurin suna, an ce a sa suna da adireshin imel. Na sa nawa da adireshin ofishin Nasiru. Na ce wa kaina Malam Buba ba shi da adireshi, kuma tsarinsa ai bai shiga ba tukuna, in ya shiga sai a sa. Haka mutum yake yi wa kansa fatawa in yana son abu. Aka karɓa, Nasiru ya bugo mini shafin da sunana yake, na sa a firam. Wannan sunan ne ya sa wani kamfani a Kano ya neme ni, shi ya sa muka tashi daga Tudun Wada, shi ya kai ku makarantun da kuka yi. Ranar da zan bar ofis Malam Buba ya buga mini takardar ban-kwana da kansa, babu kuskure ko ɗaya.

Damina ta gaba aka yi tsawa ta ƙona na'urar ofis. Aka sayo sabuwa, shugaba ya kira Nasiru, shi kuma da kyakkyawar niyya ya sa mata babbar manhajar nan ta kyauta, yana alfahari da cewa aikin malaminsa na ciki. Tsohuwar 'yar manhajata ba ta aiki a kanta. Tsohon allon maɓallai ma bakin wayarsa bai shiga sabuwar ba, aka haɗa shi da ƙonanniyar na'ura aka ba masu sayen tsofaffin ƙarafa, da filastarsa da komai. Malam Buba ya dawo daga rigakafin shanu a Doguwa ya tarar da sabon allo fes, haruffa a inda kowa ya saba, masu ƙugiya kuma sai an danne an riƙe.

Wasiƙarsa ta same ni a Kano. Da hannun hagu ya rubuta ta da biro, layi uku. Bayan gaisuwa ya ce, "Kaɗo, lokacin dawo da saniya ya yi. Ina jira."

Na buɗe akwati na ɗauko faifan. Damina biyu ya yi a ƙarƙashin gado, fumfuna ta ci shi, na'ura ta ƙi karanta ko harafi ɗaya. Na kai wa Nasiru, ya gwada a na'ura uku, ya girgiza kai. Abin da ya kamata in yi a fili yake: in hau mota washegari in je Tudun Wada da filasta, mu zauna, ya nuna mini da yatsunsa tun suna tune. Mako biyu sun isa. Amma zuwa yana nufin in tsaya gabansa in ce na san haka za ta faru tun ranar ɗorawa, kuma ban kula da faifan ba. Kunya ta hana ni, na fake da sabon aiki. Na aika masa cewa ina nan tafe. Asabe ta yi magana sau ɗaya, ta yi sau biyu, na daka mata tsawa a kan abin da ta fi ni gaskiya. A na ukun ba ta ɗaga murya ba.

"Man shanun mutumin nan muka ci, Malam. Ni dai na ci, ban san kai ba."

Duk da haka sai da na ƙara wata huɗu. Kafin nan labari ya zo cewa Malam Buba ya ajiye aiki. Ba a kore shi ba. Ya yi wata uku yana buga shafi ɗaya a yini, yana ƙetaro da hannun hagu ya taimaki na dama, takardun taki suka makara har aka yi shuka babu su. Da ya ji an fara maganar ɗauko wani, ya rubuta takardarsa ya miƙa, ya ce ba zai jira a gaya masa ba. Saura shekara uku ya cika lokacinsa.

Jin haka ma bai sa na tashi nan take ba. Yanzu kunyar ta zama biyu. Na zauna ina ƙoƙarin tuno tsarin da kaina don kada in je hannu sake, na tuna wajen rabi, sauran na rasa. Na koyi yadda ake rubuta zaɓi na biyun, abin da na ɗauka zai ci wata uku ya ci mini kwana tara. Sai da shekara ta zagayo har ta wuce sannan na sayi allon maɓallai, na liƙa wa kowane maɓalli farar filasta, na rubuta waɗanda na tuna, na bar sauran babu komai. Shugaban ofis ya yi mini alkawari in Malam Buba ya dawo zai ɗauke shi aikin kwantiragi. Da wannan na tafi Falgore.

Na isa da la'asar, yana daji da shanun ƙanensa, na jira. Da ya dawo ya ganni, ya yi mini maraba kamar jiya muka rabu. Ya rame, rana ta ƙona shi. Bai tambaye ni dalilin daɗewa ba, wannan ya fi mini zafi a kan ya zage ni. Ban bari an kawo fura ba na faɗa masa komai: takardar da ke aljihuna ranar nan, faifan, sunan da ban sa ba. Ya saurara har na gama.

"Na san ba ka faɗa mini duka ba ranar," in ji shi. "Idonka yana kan babur tun kafin in amsa. Na ce dai malami ne, zai gyara."

Na ciro allon daga jaka na ajiye a kan tabarma tsakaninmu, na ba shi biro. Na ce rabi na tuna, ya cika mini sauran, ranar Litinin aikinsa na jiransa. Ya goge hannuwansa a riga, ya jawo allon gabansa, ya ɗora yatsunsa bakwai yadda ya saba. Ya rufe ido. Hannun hagu ya motsa, ya taɓa uku ko huɗu, ya tsaya. Ya sake farawa daga farko, yana motsa baki, na gane takardar taki yake karantawa a ransa. Ƙaramin yatsan dama ya tashi ya yi ta yawo a sama bai sauka ba. Ya gwada sau uku. Ya buɗe ido ya dubi filastar da na rubuta, ya ɓare ɗaya, ya riƙe ta a bakin yatsa yana neman inda zai maida ita, ya daɗe a haka. Daga ƙarshe ya liƙa ta a inda ya ciro ta.

"Ya tafi, Malam Isiyaku," in ji shi. "Ban taɓa riƙe shi a ka ba, a hannu yake. Hannun kuma ya koma igiya."

Tunda muka san juna bai taɓa kirana da sunana ba sai ranar. Na ce mu sake daga farko, damina guda ce kawai, zan riƙa zuwa duk Asabar. Ya ce idonsa ya fara hazo, kuma ba ya son ya sake zama ɗan koyo a gaban yaran ofis. Ya miƙo mini biron, ya tura allon gabana a hankali da hannu biyu. Sannan ya ce in yi masa haƙuri, lokacin ɗaure maruƙa ya yi, ya tashi ya tafi wajen shanu.

Ban sake ganinsa ba. Ya rasu bayan shekara biyu, na je gaisuwa, ƙanensa ya ce har ya bar duniya bai taɓa ambatona da mugun abu ba. Zaɓi na biyun ban aika ba, don rabin tsari ba ya yi wa kowa amfani, kuma ni yatsuna goma ne, ban san inda sauran haruffan za su zauna ba.